Shekarunka nawa? Tambayar da doka ta wajabta wa mai shago kafin ya miƙa taba

Fiye da shekara goma ke nan da dokar Najeriya ta wajabta wa duk mai sayar da taba sigari ya tabbatar da shekarun mai saye kafin ya karɓi kuɗinsa. Dokar ba ta bambanta katafaren kanti da ɗan teburin bakin titi ba, kuma nauyin a wuyan mai sayarwa ta ɗora shi: wanda ya miƙa tabar shi ne zai amsa tuhuma. Duk da haka, mutane ƙalilan ne a ƙasar nan za su iya tuna ranar da wani mai shago ya nemi su nuna katin shaida kafin ya ba su sigari, kuma da yawa daga cikin masu sayarwar ba su taɓa jin cewa an ɗora musu wannan aiki ba.

Unguwar Abule Egba da ke kan babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta na daga cikin wuraren da wannan giɓi ya fi fitowa fili. Daga ƙarƙashin gadar sama da gwamnatin jihar ta buɗe a 2017, zuwa kewayen kasuwar gwanjo ta Gatankowa, har hanyar da ta nufi mayankar Oko-Oba a Agege, ɗimbin 'yan Arewa ne ke riƙe da ƙananan shaguna da tebura. Hausawa sun haura ƙarni guda a wannan yanki, tun zamanin da fataucin goro da layin dogo suka raya Zangon Agege. Mazauna Legas sun daɗe da sanin cewa idan dare ya yi, manyan kantuna sun rufe, a wurin Malam mai tebur ake samun sukari da madarar ƙulli da ashana da batir. A gefen alawa da biskit kuma galibi akwai buɗaɗɗen kwalin sigari, ana zarar kara ɗaya ko biyu ga mai buƙata. A idon doka, wannan buɗaɗɗen kwali shi kansa laifi ne, tun kafin a zo batun wanda ya saya.

Abin da dokar ta tanada

Tun a 1990 gwamnatin soja ta fitar da dokar hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. A 2005 Najeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda sashenta na 16 ya buƙaci ƙasashe su hana sayar wa ƙananan yara taba, su kuma sa mai sayarwa ya nemi shaidar shekaru duk lokacin da ya yi shakka. Sai da aka ƙara shekara goma kafin wannan alkawari ya zama cikakkiyar dokar ƙasa: a watan Mayun 2015, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan Dokar Taƙaita Amfani da Taba ta Ƙasa. Ƙa'idojin aiwatar da ita kuwa sai a 2019 Majalisar Tarayya ta amince da su.

Sashe na 15 na dokar shi ne ya shafi mai shago kai tsaye. Ya haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ya umarci mai sayarwa ya tantance shekarun mai saye ta hanyar duba katin shaida na hukuma, ya kuma kafa sanarwa a wurin sana'arsa cewa ba a sayar wa yara. Ya hana sayar da sigari sai a rufaffen kwali mai aƙalla kara 20, tabar da ba a kunna mata wuta kuma, irin ta shaƙa ko ta ƙunsawa a baki, sai a ƙunshin da bai gaza giram 30 ba. Ya hana cinikin taba ta intanet ko ta gidan waya, inda ba a ganin fuskar mai saye. Wanda ya saɓa na iya fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyun. A ranar yaƙi da shan taba ta duniya ta 2017, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da jerin tanade-tanaden da za a fara aiwatarwa nan take, kuma hana sayar wa yara da hana sayar da kara-kara na cikinsu.

Akwai wani tanadi a sashen da ya fi kowane shafar 'yan kasuwar Abule Egba da Agege, amma an fi mantawa da shi. Dokar ta haramta a sa wanda bai kai shekara 18 ba ya sayar da taba. Sanannen abu ne mai tebur ya taho da ƙanensa ko ɗan ɗan'uwansa daga gida don ya koyi sana'a, ya riƙa bar masa jiran kaya idan ya tafi masallaci ko ya shiga kasuwa saro. Yaron na iya sayar da sukari da sabulu ba tare da wannan doka ta ce uffan ba. Da zarar ya miƙa sigari, maigidansa ya shiga laifi, ko da mai sayen dattijo ne mai furfura.

Me ya sa aka tsaya a kan 18? A al'adar Bahaushe, balaga da ɗaukar ɗawainiyar kai su ne ma'aunin girma. Saurayin da ya baro Jigawa ko Sakkwato yana da shekara 16, yana tura baro ko yana wankin takalmi a Legas har yana aika wa iyayensa kuɗi, ba ya kallon kansa a matsayin yaro, kuma ba a yi masa kallon yaro. Doka ba ta aiki da wannan ma'auni. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihar Legas ta kafa irinta a 2007, ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro. Hujjar likitoci ita ce sinadarin nikotin ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama ƙosawa ba. Hukumomin lafiya na Amurka sun gano cewa kusan tara cikin goma na manyan da ke shan sigari kullum a ƙasar sun fara ɗanɗana ta ne kafin su wuce shekara 18. Wanda aka tsallakar da shi waɗannan shekaru bai fara ba, da wuya ya fara daga baya. A Najeriya, binciken da aka gudanar kan manya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari, wato kimanin mutum miliyan 4.5, na amfani da taba. Adadin bai kai na ƙasashe da dama ba, kuma manufar dokar ita ce kada sabon jini ya ƙara shi.

"Baba ne ya aiko ni"

Babbar matsalar ba daga yaron da ke son sha take farawa ba. Daga aike take farawa. A gidajen Hausawa da na Yarabawa duka, aiken yaro wani ɓangare ne na tarbiyya, kuma yaron da ya ƙi zuwa aike shi ake kira marar kunya. Magidanci na zaune a ƙofar gida ko a tashar mota, sai ya kira yaron da ke wucewa, nasa ne ko na maƙwabci, ya ba shi kuɗi ya sayo masa kara biyu. Mai tebur ya san yaron, ya san wanda ya aiko shi, wataƙila ma akwai bashi a tsakaninsu. Ƙin sayarwa a irin wannan hali na nufin ɓata wa abokin ciniki na shekaru rai, ga shi kuma tebur na gaba bai fi taku ashirin ba.

Sai dai dokar ba ta ware ɗan aike ba. Wanda ya miƙo kuɗi ya karɓi kaya shi ne mai saye, kuma idan bai kai 18 ba an yi laifi. Dalilin a fili yake. Mai shago ba shi da hanyar tantance aiken gaskiya da na ƙarya, kuma kalmar "an aiko ni" ita ce mabuɗin da kowane yaro ya san tana buɗe kwali. Ko a aiken gaskiya ma akwai illa: yaron da ya saba zuwa sayen sigari ya san sunayenta da farashinta, ya san mai sayarwa, kunyar tambaya ta fita daga idonsa tun kafin ranar da zai saya wa kansa. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne, kuma a nan dokar kusan abin da take nema ke nan daga mai tebur, ya ce wa yaron ya koma ya gaya wa Baba ya zo da kansa. Magana ce mai sauƙin rubutawa. Ga baƙon da ke cin abinci a unguwar da ba tasa ba, yana lallaɓa zama da masu gari, faɗinta na buƙatar ƙarfin hali.

Ko da mai shago ya yi niyyar tambaya, sai wata tambayar ta taso: wace takarda za a nuna masa? Katin zaɓe na dindindin hujja ce mai ƙarfi, domin hukumar INEC ba ta yi wa wanda bai kai 18 ba rajista bisa ƙa'ida. Haka lasisin tuƙi. Fasfo na ɗauke da ranar haihuwa, amma 'yan ƙalilan ne ke yawo da shi. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda sama da mutum miliyan 100 suka mallaka, tana da nata sharaɗi: har jarirai ana yi wa, saboda haka mallakarta kaɗai ba ta nuna girma, sai an duba ranar haihuwar, kuma ba kowace irin takardar NIN ce ke ɗauke da ita a rubuce ba. Abin da ake buƙata daga mai shago shi ne ya duba hoto da shekarar haihuwa ya mayar wa mai kati katinsa. Ɗaukar hoton katin da waya ko rubuta lambarsa ba ya cikin aikin, kuma mai saye na da damar ƙi, musamman tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Tushen matsalar ya fi katin zurfi. Ranar haihuwar da ke jikin kowane kati daga wata takarda aka kwafo ta, kuma miliyoyin 'yan Najeriya ba a taɓa rubuta ranar haihuwarsu ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2008 ya nuna kashi 30 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Waɗannan yaran su ne matasan da ke tsakanin ƙarshen ƙuruciya da farkon shekarun ashirin a yanzu, wato daidai rukunin da ake shakkar shekarunsu a gaban tebur. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar UNICEF a 2021 ya nuna an kai kashi 57, amma da tazara mai faɗi tsakanin jihohi: Legas ta haura kashi 90, yayin da Sakkwato da Jigawa ba su kai kashi 25 ba. Yaron da aka haifa a asibitin Ifako-Ijaiye da wanda aka haifa a gida a wani ƙauyen Gwadabawa na iya haɗuwa a gaban tebur ɗaya a Abule Egba, ɗaya da takarda, ɗaya kuma abin da ya sani shi ne an haife shi da kaka, shekarar da aka yi ambaliya. Irin wannan matashi idan buƙata ta taso kotu yake zuwa ya yi rantsuwa a ba shi takardar shekaru, abin da ya faɗa shi ake rubutawa. Wannan ne ya sa 'yan Najeriya masu ranar haihuwa 1 ga Janairu suka yi yawa haka.

Inda kati ya gaza, an koma ga girman ƙunshi

Wanda ya lura da matakan hukumomin Najeriya a shekarun nan zai ga cewa sun fi dogara da wata dabara daban. Tun da ba za a iya tsayawa a kan kowane tebur a ga ko an nemi kati ba, sai a kawar da ƙaramin ƙunshin da kuɗin yaro ke iya saya. Wannan ita ce hikimar kara 20. Kuɗin tara na ɗan makaranta na iya sayen kara ɗaya, amma da wuya ya sayi kwali, kuma kwali ya fi wuyar ɓoyewa. Bugu da ƙari, hotunan gargaɗi da aka wajabta bugawa a jikin kwali tun daga 2021, masu nuna cututtukan da taba ke haddasawa, mai sayen kara ɗaya ba ya tafiya da su gida.

Dabarar ce aka bi a kan barasa. 'Yan kasuwa Musulmi galibi ba sa taɓa wannan haja, kuma a jihohin Arewa da ke aiki da shari'a haramcin ya shafi babba da yaro. A Legas kuwa, ƙananan ledojin barasa masu ƙarfi sun daɗe a rataye a tashoshin mota, da farashin da bai fi na ruwan leda nisa ba, duk da rubutun da ke jikinsu cewa ba na 'yan ƙasa da 18 ba ne. A ƙarshen 2018 ma'aikatar lafiya da hukumar NAFDAC suka ƙulla yarjejeniya da masu masana'antu cewa za a daina yin barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar. Da wa'adin ya cika a ƙarshen Janairun 2024, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiwatarwa, tana kafa hujja da cewa ɗan makaranta na iya cusa ledar a aljihu ba wanda ya gani. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, suna kukan asarar ayyukan yi, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata, aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. A watan Nuwamban 2025 Majalisar Dattawa ta buƙaci kada a sake ɗagawa.

Haka aka yi da maganin ƙwari mai guba na Sniper da ire-irensa, da NAFDAC ta hana sayar da su a manyan kantuna da kasuwannin yau da kullum a 2019. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi ɗungurungum a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC ya nuna yadda yake kwarara zuwa hannun matasa a Kano da wasu birane. A kemis, abin da ya kamata a nema kafin a ba da magunguna irin su tramadol shi ne takardar likita, ko mai sayen yaro ne ko babba. Shagunan caca na wasanni, da suka cika lungunan Abule Egba kamar sauran unguwannin Legas, su ma an gindaya musu sharaɗin shekara 18.

A ƙasashen da tambayar kati ta zama jiki, ba kyawun hali kaɗai ne ya kawo hakan ba. Ingila ta ɗaga shekarun sayen taba daga 16 zuwa 18 a 2007, kuma manyan kantunanta na bin wani tsari da ya ce duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba a nemi katinsa. An bar tazarar shekara bakwai ne don kada mai kanti ya dogara da hasashen ido. Amurka ta mayar da nata ma'auni 21 a watan Disamban 2019, kuma tun daga ƙarshen Satumban 2024 ake neman kati mai hoto daga duk wanda bai kai 30 ba. A ƙasashen biyu, jami'ai kan tura matasan da ba su kai shekarun ba su gwada saye a ɓoye, kantin da ya faɗa tarko ya sha tara, idan ya maimaita a iya hana shi sayar da hajar. Ma'aikacin kanti na tambaya ne saboda aikinsa na iya tafiya, mai saye kuma ba ya jin an raina shi domin kowa ake tambaya.

A Najeriya, hukunci mafi girma da aka gani a harkar taba a kan kamfani ya faɗa. A watan Disamban 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco da rassansa kan saɓa dokokin gasa da na taba. Hukumar ta kuma gudanar da gangamin wayar da kai kan nisanta yara da sigari. Amma a matakin tebur, inda ainihin cinikin yake, bibiya ba ta taka kara ta karya ba. Ba za a ɗora wa mai tebur laifin duka ba: an rubuta dokar da Turanci, kuma da wuya a ga sanarwar da ta wajabta an buga ta da Hausa ko ajami ko Yarabanci an raba wa masu ƙananan sana'a. Rashin sani dai ba ya zama kariya a gaban alƙali, kuma idan aka tashi kame, wanda ba shi da rumfa mai rajista ko lauya shi ake fara tarar wa. Hanyoyin isar da saƙon suna nan a shirye, domin Hausawan Agege da Abule Egba na da sarakunansu da shugabannin kasuwa da limamai da ake jin maganarsu. Idan masu tebur na layi guda suka daidaita a tsakaninsu cewa ba mai ba yaro sigari, tsoron kada ciniki ya koma tebur na gaba ya kau.

Duniya kuma na ƙara matsawa ga tsarin da ya rataya kacokan a kan ranar haihuwa. Gwamnatin Birtaniya ta gabatar wa majalisarta shirin haramta sayar da taba har abada ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009, ta yadda wata rana mai shekara 40 zai nuna kati don a bambanta shi da mai 41. A Najeriya, Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajistar haihuwa ta na'ura a ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a watan Nuwamban 2023. Yaran da binciken 2021 ya tarar ba su da rajista, uku cikin kowane huɗu a Sakkwato da Jigawa, za su fara cika shekara 18 daga 2034.